Ma'anar "maillot jaune", rigar ɗorawa ta tseren keken Faransa

Watan Yulin da ya wuce ina zaune ina kallon Tour de France a waya sai ƙanena ya leƙo ta kafaɗata, ya ga wani ya tsallaka layi yana ɗaga hannu sama yana ihu, can bayan kusan minti huɗu kuma ga wani ya shigo cikin ayari hankalinsa kwance sanye da riga ruwan ɗorawa, kuma shi kyamara ta bi, shi 'yan jarida suka yanyame. Sai ya ce min, "Yaya, wai wannan wane irin tsere ne, wanda ya zo na ɗaya daban, wanda ake yi wa tafi daban?" Na san ba shi kaɗai abin ke ɗaure wa kai ba shi ya sa na ce bari in zauna in yi bayani.

Maillot jaune Faransanci ne, ana furta shi kamar "mayo jon". Maillot ita ce rigar wasa, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke ce wa mayo mu kuma mu ce jesi, jaune kuma ruwan ɗorawa ke nan. Gasar sati uku ake yi ana yinta, zango 21, tafiyar kilomita sama da 3,000, kowace rana da nata tseren da nata gwanin. Amma a gefe guda akwai masu agogo suna rubuta lokacin da kowane ɗan tsere ya ɗauka, na yau a haɗa da na jiya da na shekaranjiya, to wanda jimillar lokacinsa ta fi ta kowa ƙanƙanta shi ake kira kan dandamali da yamma a sa masa rigar, washegari ya hau keke da ita. Shi ya sa mutum zai iya zuwa na talatin yau kuma rigar na jikinsa, matuƙar waɗanda suka riga shi shigowa dama ya ba su rata mai yawa a lissafi. Har ma ana iya cinye gasar baki ɗaya ba tare da an ci zango ko ɗaya ba, Chris Froome ya yi haka a 2017.

Abin da nake so a riƙe shi ne rigar nan ta aro ce har sai an gama zangon ƙarshe. Kullum da yamma sabon lissafi ake yi, kuma in ka zauna da tsofaffin masu kallo za ka ji rabin labaran da suke bayarwa na ranar da aka tuɓe wa wani ita ne, ko ranar da ta kuɓuce masa yana gani.

Asalinta jarida ce. Jaridar L'Auto ce ta ƙirƙiro gasar a 1903 don ta samu masu saye, a 1919 kuma shugabanta Henri Desgrange ya kawo rigar don jama'ar da ke bakin hanya su riƙa gane wanda ke kan gaba cikin cincirindon masu keke, kuma abin da aka fi faɗa shi ne an zaɓi launin ne don a kan takarda ruwan ɗorawa ake buga jaridar. Haka abin yake a Italiya, rigar gasar Giro ruwan hoda ce kalar takardar jaridar Gazzetta dello Sport.

Wanda ya fara sa ta Eugène Christophe ne, ranar 19 ga Yuli 1919 a garin Grenoble, kuma wallahi ban san ɗan tseren da ya kai bawan Allahn nan rashin sa'a ba. Tun a 1913, kafin ma a yi rigar, yana gangarowa daga dutsen Tourmalet yana cikin na gaba-gaba ƙarfen da ke riƙe tayar gaba ya karye. Dokar lokacin ta ce ba mai taimaka maka, kai za ka gyara abinka. Mutumin nan ya saɓa keke a kafaɗa ya taka kilomitoci a ƙasa har ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya shiga maƙera ya ɗauki guduma da kansa ya hau ƙira, alƙalan gasa na tsaye a kansa suna kallo, kuma don wani yaro ya zuga masa zugazugi sai da suka ci shi tarar mintuna. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya san hannu biyu ba sa riƙe awartaki da guduma kuma su zuga wuta. To a 1919 ɗin, yana sanye da rigar, saura zango biyu a gama, ƙarfen nan dai ya sake karyewa, ya ƙare a na uku, Firmin Lambot ɗan Beljiyam ya tafi da gasar.

Amma labarin da ya fi kowane yawo shi ne na 1989. Ranar ƙarshe, 23 ga Yuli, tseren kowa shi kaɗai da agogo daga Versailles zuwa Paris, kilomita 24.5 kacal. Laurent Fignon ɗan Faransa ne da rigar, ya ba Greg LeMond ɗan Amurka ratar sakan 50, kuma kusan kowa ya ɗauka magana ta ƙare don tafiyar ta yi gajarta a ce an cike wannan giɓin. LeMond ɗin ma shekara biyu kafin nan surukinsa ya harbe shi bisa kuskure a wajen farauta, ya sha da ƙyar, ƙananan harsasai sama da 30 na nan a jikinsa. Ya fito da hular kwano mai tsini ta baya da wasu ƙarafa da ya ɗaura a kan keken yana kwantar da hannuwa a kai don iska ta rage tare shi, shi kuwa Fignon kai ba hula, gashi ɗaure ta baya iska na kaɗawa, ga gyambo a mazauni yana cinsa. LeMond ya fi shi da sakan 58. Sakan 8 ke nan tsakaninsu bayan sati uku da kilomita sama da 3,000, har yau ba a yi tazara ƙarama kamar wannan ba a gasar maza. Na kalli bidiyon nan ya fi sau goma, wajen da Fignon ke tsallaka layi ya zube ƙasa da rigar a jikinsa alhali ta riga ta tashi daga tasa, kuma duk kallo sai na ji wani iri a ƙirjina. Mutumin da ya ci gasar sau biyu, 1983 da 1984, amma har ya rasu a 2010 sakan 8 ɗin nan mutane suka fi tuna shi da su.

Rigar tana da alfarma kuma, akwai abubuwan da ba a rubuta a doka ba amma ana kiyayewa. A 1971 Luis Ocaña ɗan Sifaniya ya ba Eddy Merckx, gwanin gwanayen lokacin, ratar sama da minti 7, abin da ba a saba gani ba, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya ya tare su a gangaren Col de Menté, Ocaña ya faɗi, yana ƙoƙarin tashi wasu masu keke suka yi karo da shi, sai asibiti. Lissafi ya ba Merckx rigar amma washegari ya ƙi sa ta, don ba da ƙarfinsa ya ƙwace ba. Wannan ya fi burge ni a kan cin gasar da ya yi har sau biyar. Kuma shi ya sa abin Lance Armstrong ke min ciwo har yanzu, ya ci gasar sau bakwai a jere daga 1999 zuwa 2005, ashe da ƙwayoyin ƙara kuzari ne, a 2012 aka ƙwace duka aka bar gurbin shekarun nan ba sunan kowa.

Mu 'yan Afirka mun ɗan taɓa ta, Daryl Impey na Afirka ta Kudu ya sa ta kwana biyu a 2013. Wadda Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci a 2024 kuwa koriya ce, ta masu tara maki a gudun ƙarshen zango, kada a haɗa su don na ga mutane na rikita su.

Sai Raymond Poulidor, wanda Faransawa ke kira Poupou. Sau 14 ya shiga gasar, sau 8 ya ƙare cikin ukun farko, amma ko kwana ɗaya bai taɓa sa rigar ba, a 1973 ma da ƙasa da sakan ɗaya ta wuce shi. Ya rasu a Nuwamba 2019. Ranar 27 ga Yuni 2021 jikansa Mathieu van der Poel ɗan Holan, ɗan 'yarsa, a zango na biyu na Tour ɗinsa na farko, aka zo tudun Mûr-de-Bretagne da za a hau sau biyu. A hawan farko ya fizga ya bar kowa, masu sharhi na mamaki don da sauran tafiya, ashe sakannin garaɓasa da ake ragewa wanda ya fara kaiwa saman tudun yake nema, ya yi lissafi cewa cin zangon kaɗai ba zai ishe shi karɓe rigar daga Julian Alaphilippe ba. A hawa na biyu ya sake fizga, ba wanda ya iya binsa, ya tsallaka layi yana nuna sama da yatsa. Da aka sa masa makirufo a baki kuka ya ci ƙarfinsa ya rufe fuska da hannu. Kwana shida ya yi da ita, kuma wannan bidiyon na fara nuna wa ƙanena bayan na gama masa bayanin agogo.