Idan Baƙi Masu Littafi Suka Shigo Gidanku

Uwargida, da ke nake yau, da ke da maigidanki.

A wani ƙauye a ƙasar Argungu na taɓa raka masu bincike gida-gida, suna tambaya kan zazzaɓin cizon sauro. Muka shiga wani ɗaki, gidan sauro na rataye fes, har layin ninkinsa bai baje ba, ƙamshin leda na tashi daga jikinsa. A ƙofar ban-ɗaki ga buta, ga sabulu sabo dal, rubutun da ke kansa ko gogewa bai yi ba. Baƙin suka rubuta cewa gidan nan ana kwana cikin gidan sauro, ana wanke hannu. Ni kuwa na san autan gidan, sau biyu aka kawo min shi asibiti a damina ɗaya jikinsa rau da zafi.

Ban ga laifin matar ba. Ni ce da bakina na aika wa mai unguwa cewa baƙi na tafe, a gyara gidaje. An raine mu da kara, an ce baƙonka annabinka, wa zai so baƙo ya ga kasawarsa? Kuma abin bai tsaya a kanmu ba. Tsakanin 1924 da 1932 an yi bincike a masana'antar Hawthorne kusa da Shikago a Amurka. Masu binciken suka ba da rahoton cewa da aka ƙara hasken fitila aiki ya ƙaru, da aka rage shi ma aikin bai ja baya ba. Ma'aikatan sun san ana kallonsu.

Sai dai abin da aka rubuta a littafin nan, da shi ake tsara rabon magani da ma'aikata. Binciken ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar maleriya a jinin kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran Kebbi, babu jihar da ta kai mu. Idan takarda ta ce kowa na kwana cikin gidan sauro, masu tsarawa za su nemi matsalar a wani wuri daban, alhali tana nan cikin ɗaki: zafi ne ya hana, ko babu inda za a ɗaura, ko gidan sauro ɗaya ne ga yara biyar.

Haka maganin riga-kafin damina da ake ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Na ranar farko a gabanmu ake sha. Na kwana biyun da suka rage yana hannunki. Idan yaro ya yi amai kika daina, ko aiki ya sha kanki kika manta, ki faɗa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba za a cire sunanki daga rabo ba don kin faɗi gaskiya, kuma kina da ikon cewa ba za ki amsa wata tambaya ba.

Maigida, don Allah ka bar ta ta amsa da kanta, ita ke kwana da yaran.

Mu ma'aikata kuma, mu daina shela kafin zuwa, mu bar mota nesa da ƙofar gida, mace ta tambayi mace ba tare da mai unguwa na tsaye a kanta ba. Ni yanzu kan tabarma nake zama, in sha ruwan da aka ba ni, sannan in ce: “Iya, daren jiya a ina yaran suka kwana?”