Shago a buɗe ranar biki: amsar tambayoyin da kuke ta maimaita min

Na yi shekaru a tsaye bayan kanta kafin a ba ni aikin rubuta jadawalin duti, kuma duk sanda biki ya matso, Sallah ce ko Kirsimeti ko sabuwar shekara, tambayoyin nan dai su ne ke dawowa. Ga amsa a wuri ɗaya, don Allah a karanta kafin a sake tambayata.

Ai rabin yini kawai kuke buɗewa, meye abin ƙorafi?

Lokacin da ka gani a jikin ƙofa na kwastoma ne, ba namu ba. In an rubuta goma zuwa huɗu, to wani ya zo tun takwas ya sauke kaya ya jera, kashiya kuma ba ta motsawa sai ta ƙirga kuɗi lissafi ya daidaita, a share a kulle, ga hanya ranar da abin hawa ke wuya. Kafin ta isa gida an ci an watse, yara sun yi barci da kayan bikinsu a jiki.

Ba ana ninka muku kuɗi ba?

Ba ko'ina ba. A Amurka ma dokar tarayya ba ta tilasta ƙarin kuɗi don ranar biki, sai in aikinka ya haura awa 40 a mako. Je ka duba takardar ɗaukar aikinka.

An sa ni duti ranar biki kuma na riga na yi wa iyayena alkawarin zuwa. In ƙi fita kawai?

To wannan ita ce mai wuyar, kuma ba zan ce maka eh ko a'a kai tsaye ba don ya danganta da ƙasar da kake da abin da ka sa wa hannu. Amma fashin aiki ba sanarwa shi ne mafi muni, a wurare da yawa ya isa a ba ka takardar gargaɗi ko ma a sallame ka, kuma nauyin kan abokin aikinka zai faɗa, shi ma yana da uwa da 'ya'ya. Fara da tambayar kanka, yaushe aka fitar da jadawalin? In ka nemi hutun tun da wuri aka amince sannan aka canza daga baya, kana da bakin magana, musamman in a rubuce ne, ko saƙon waya ne ma ka adana shi. Wasu wuraren doka na bayanka, kamar jihar Oregon ta Amurka inda dole manyan kamfanonin shaguna da otal da gidajen abinci su ba ma'aikaci jadawalinsa kwana 14 kafin lokaci, a Ingila kuma ma'aikacin shago na iya ba da sanarwar wata uku ya fita daga aikin Lahadi, sai dai in dama don Lahadin kaɗai aka ɗauke shi. In ba ka da irin wannan kariya sai lallami. Nemi wanda bikin ba nasa ba ne ku yi musaya, ka karɓar masa tasa ranar in ta zo, amma fa ku je wurin manaja tare ya rubuta, na sha ganin musayar baki da baki ta ƙare da rigima kowa na cewa ba haka aka yi ba. In ya ƙi, nemi dutin safe ko na yamma ka tsira da rabi. In duk ta ƙi kuma aikin nan shi ke riƙe da gidanku, ka kira iyayenka yau ɗin nan ka faɗa musu gaskiya ku sa wata rana, kar ka bari sai ana gobe. Ba ka yi laifi ba, kwantar da hankalinka.

Akwai inda doka ta hana buɗewa?

Akwai. A Ingila da Wales manyan shaguna da suka wuce murabba'in mita 280 ba sa buɗewa ranar Kirsimeti tun dokar 2004, ranar Lahadi kuma awa shida kawai aka yarje musu. Jamus a rufe suke Lahadi in ban da 'yan kaɗan. Poland ta fara taƙaita cinikin Lahadi a 2018.

In sun rufe ba za su yi asara ba?

Walmart da Target, manyan kantunan Amurka, sun yi shekaru suna buɗewa ranar Thanksgiving, bikin godiya da ake yi ranar Alhamis, don fara rangwamen Black Friday, wato Juma'ar da ke bin bikin, da wuri, a 2020 suka daina, kuma ga su nan suna ciniki. Mai son talabijin in bai saya Alhamis ba zai saya Juma'a. Ƙaramin shago da mai shi ke tsaye da kansa, wannan lissafinsa daban.

Me ya sa kullum sababbin ma'aikata ake turawa?

Don su ne ba sa iya musu. Ba daidai ba ne, juyawa ya kamata a riƙa yi, wanda ya yi bara ya huta bana.

Ni kwastoma ne, laifi ne in shiga ranar biki?

In magani ne ko madarar jariri, shiga abinka. Amma wanda ya kwana bakwai yana kallon biki na zuwa bai sayi komai ba sai ranar, haba. Ku sani manaja cinikin bara yake buɗewa ya duba kafin ya yanke ko za a buɗe bana da mutum nawa za a kira, duk wanda ya shigo an ƙirga shi. Sannan don Allah ku daina tsayawa gaban kashiya kuna cewa "ayya, ashe yau ma kuna aiki?" Saboda ku take tsaye a wurin. Kuma in saura minti biyar a rufe kar ka ɗauki kwando, mutum ɗaya da ke zagaye cikin shago yana riƙe da kashiya da mai gadi da mai shara, babu mai tafiya sai ya fita.