Tambayoyi da Amsoshi kan Ɗaukar Jarirai Bakwaini a Jirgin Sama Zuwa Babban Asibiti

Ostareliya ƙasa ce mai faɗi ƙwarai, kuma asibitocin da ke da sashen kula da jarirai masu tsananin rauni galibinsu suna cikin manyan birane na gaɓar teku. Macen da naƙuda ta zo wa tun lokaci bai yi ba a garin Kununurra tana nesa da birnin Perth da fiye da kilomita 2,000, shi ya sa ƙasar ta daɗe tana ɗaukar irin waɗannan jarirai ta sama.

Wane jariri ne bakwaini, kuma me ya sa ƙaramin asibiti ba ya iya riƙe shi?

Duk jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37 bakwaini ne, kuma waɗanda aka haifa kafin mako 28 su ne suka fi shiga haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa an haifi jarirai bakwaini miliyan 13.4 a shekarar 2020. Babbar matsalarsu huhu ne, domin bai kai ga samar da isasshen sinadarin da ke hana ƙananan jakunkunan iska mannewa ba, sai numfashi ya zama wahala tun daga awannin farko. Bayan haka fatarsu siririya ce, ba su da kitsen da zai riƙe musu ɗumi, kuma sukarin jininsu yana faɗuwa da sauri. Kula da su yana buƙatar na'urar taimaka wa numfashi, da kwalba, da ƙwararrun da ba sa gusawa daga kansu dare da rana.

Su wane ne ke zuwa ɗaukar jaririn?

Tawaga ce ta musamman da ke tasowa daga babban asibiti, galibi likitan jarirai da ma'aikaciyar jinya da ta ƙware a wannan fanni. A yankuna masu nisa, jiragen ƙungiyar Royal Flying Doctor Service ne kan kai su, ƙungiyar da John Flynn ya assasa a garin Cloncurry na jihar Queensland a 1928. Suna tafiya da kwalba ta tafiya mai batir, wadda aka haɗa mata na'urar numfashi, da tukwanen iskar oksijin, da famfunan tura magani, da allon da ke nuna bugun zuciya. Tun kafin su iso, likitan da ke babban asibiti yana kan waya da ungozoma ko likitan garin, yana gaya musu abin da za su yi.

Tunda gaggawa ake yi, me ya sa tawagar ke ɗaukar lokaci kafin ta tashi?

Wannan shi ne abin da ya fi ɗaga hankalin iyaye, kuma a ganina shi ne ginshiƙin aikin baki ɗaya. Cikin jirgi wuri ne matsattse, ga ƙara ga girgiza, har likita ba ya iya sauraron ƙirjin jariri yadda ya kamata, balle ya nemi jijiya a hannun da bai fi kaurin yatsa ba. Saboda haka duk abin da ake tsoron zai taso a hanya, a ƙasa ake gama shi. Ana saka bututun numfashi idan da buƙata, a ba shi maganin huhu, a zura siririn bututu ta jijiyar cibiya don ba shi ruwa da sukari, a kuma tabbatar ɗumin jikinsa yana tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Wannan shiri yakan ɗauki awanni, amma jinyar ta riga ta fara tun lokacin da tawagar ta shigo ɗakin.

Kafin a tafi, akan kawo kwalbar kusa da gadon uwar ta taɓa ɗanta, domin sau da yawa ba ta iya bin sa a ranar, musamman idan tiyata aka yi mata. Akan kuma roƙe ta ta fara tatsar ruwan nono na farko.

Wane haɗari ne ke cikin tashi sama?

Yayin da jirgi ya ɗaga, matsin iska yana raguwa, oksijin da ke shiga jini ya ragu, kuma duk iskar da ta maƙale a cikin jiki tana kumbura. Ko a jirgin da ake daidaita iskar cikinsa, yanayin yakan yi daidai da tsayin ƙafa 6,000 zuwa 8,000, inda iska ke ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku. Don haka ake zura bututu ta hanci ko baki zuwa ciki don fitar da iska, kuma idan iska ta taru a gefen huhu sai an zuƙe ta kafin a tashi. Wani lokaci likita yakan nemi matuƙi ya yi tafiya ƙasa-ƙasa. Ana kuma rufe kunnuwan jaririn saboda ƙara, a tallafe kansa da kyau, domin jijiyoyin ƙwaƙwalwar bakwaini suna da saurin fashewa a kwanaki ukun farko.

Jirgi mai saukar ungulu ya fi, ko mai fiffike?

Nisa ne ke yanke hukunci. Mai saukar ungulu yana iya sauka a harabar asibiti, amma ba ya cin dogon zango, kuma mummunan yanayi yana hana shi tashi. Mai fiffike ya dace da doguwar tafiya, sai dai yana buƙatar motar asibiti a farko da ƙarshe.

Shin ana iya kauce wa wannan tafiya?

Ana iyawa sau da yawa, kuma likitoci sun fi son haka. Idan aka gane da wuri cewa haihuwa za ta zo kafin lokaci, uwar ake ɗauka da cikinta zuwa babban asibiti, domin jariran da aka haifa a can sun fi waɗanda aka kawo daga baya samun rayuwa da lafiya. Ana kuma yi mata allurar da ke hanzarta nunar huhun jariri idan cikin yana tsakanin mako 24 da 34.

A wuraren da babu irin wannan jirgi fa?

Najeriya tana cikin ƙasashen da aka fi haihuwar bakwaini a duniya, kuma mafi yawansu a mota ko Keke Napep ake kai su asibiti, inda sanyi kan kama su a hanya. Abin da aka tabbatar yana taimakawa shi ne manna jariri a ƙirjin uwa ko wani babba, fata da fata, a sa masa hula, a ɗaure shi da zani, dabarar da aka fara a birnin Bogota na Kolombiya a 1978. Ya kamata kuma ma'aikatan asibitin da ke tura jaririn su kira wanda za a je tun kafin a kama hanya, su tabbatar akwai gado da oksijin, sannan ma'aikacin jinya ya raka su da takardar da ke bayyana abin da aka riga aka yi masa.