Bayan an cire nono: aikin da mata da yawa ba su san ana yi ba

A ɗakin matan da aka yi wa tiyata, inda nake aikin jinya, ranar da likita ya ce "sai an cire nonon" ita ce ranar da muke rasa mata da yawa. Mace za ta ce bari ta je ta yi shawara da gida, sai mu daina ganinta. Bayan wata 8 ko shekara guda a dawo da ita, nono ya fashe yana zubar da ruwa, hannu ya kumbura, ƙululu sun fito a hammata. A tsakanin nan an sha jiƙo, an shafa, an yi tofi, duk saboda maganar nan da kowa ya haddace, wai daji ba ya son ƙarfe. Wannan magana ta kashe mata fiye da yadda zan iya ƙirgawa, kuma ba ta da tushe. Abin da ke sa sankarar mama ta bazu shi ne a bar ta ta daɗe a jiki.

Amma na lura ba tsoron wuƙa kaɗai ke korar su ba. Wata mata mai 'ya'ya 4 ta taɓa riƙe mini hannu bayan likita ya fita, ta sassauta murya don kada ƙanwarta ta ji, ta ce, "Sista, tsakaninki da Allah, da wane ido maigida zai kalle ni? Ga amarya a gida." Na ce mata, "Hajiya, kin san ana iya sake gina nono bayan an cire shi?" Ta yi mini kallon wadda ake rarrashi da ƙarya. Ba ta taɓa ji ba, kuma ba ita kaɗai ba ce.

Aikin ba sabo ba ne. Tun a 1906 wani likita ɗan Italiya, Iginio Tansini, ya bayyana yadda ake juyo fata da tsokar baya a rufe ƙirjin da aka cire wa nono. A 1962 aka fara sa wa mace jakar silikon, wani abu mai laushi kamar roba, a cikin nono a birnin Houston na Amurka, a 1982 kuma Carl Hartrampf ya fito da hanyar gina nono da fata da kitsen mara. Yau duk hanyoyin da ake bi sun ratso ne daga waɗannan biyun: ko a sa wani abu daga waje, ko a ɗebo daga jikin matar.

Ta farko ita ce jakar da ke cike da silikon ko ruwan gishiri, wadda ake sa wa a ƙarƙashin fata ko tsokar ƙirji. Idan fatar da ta rage ba ta isa ba, sai a fara sa wata jaka mai kama da balan-balan, a riƙa ƙara mata ruwa da allura kaɗan-kaɗan na tsawon makonni har fata ta miƙe, sannan a musanya ta da ta dindindin. Aikin ya fi gajarta kuma an fi saurin tashi. Sai dai jakar ba ta zama har abada. Tana iya hujewa, ko naman da ke kewaye da ita ya ƙanƙance ya yi tauri har ya riƙa ciwo, don haka wadda aka sa wa tana da ƙuruciya ta sa a ranta wata rana za ta iya komawa a canza.

Ta biyun ta fi nauyi. Ana yanko fata da kitse daga ƙasan cibiya ko daga baya, a kai su ƙirji a tsara su da siffar nono. A wani nau'in aikin, likita na ɗinke jijiyoyin jini masu siririn zare ɗaya bayan ɗaya yana dubawa ta madubin ƙara girma, abin da kan ɗauki awa 6 zuwa 8. Mace za ta fito da ciwo biyu, da robobin tsane ruwa da za su yi mako ɗaya ko biyu a jikinta, kuma sai ta yi kusan wata biyu ba ɗaukar bokiti ba daka. Ladar wahalar ita ce nonon naman jikinta ne, yana da laushi da ɗumi, in ta yi ƙiba ya ƙaru, in ta rame ya ragu. Wadda ke son ƙara haihuwa ta faɗa wa likita tun farko, domin ɗebo tsoka daga ciki yana raunana bangon cikin, kuma wannan na iya sa a zaɓi baya maimakon mara. Mai ciwon suga sai an daidaita sugan, mai shan sigari ko shisha sai ta daina, in ba haka ba naman da aka dasa na iya mutuwa.

Ba na ɓoye wa kowa iyakar wannan aiki. Nonon da aka gina ba ya kawo ruwa, ba a shayarwa da shi, ko da yake ɗayan lafiyayyen ya isa ya shayar da jariri. Jin taɓawa yana raguwa sosai, wani lokaci ya ɓace gaba ɗaya. Tabo yana nan. Kan nonon ma sau da yawa sai daga baya ake ƙera shi da ɗan guntun fata a yi masa launi. Amma a cikin riga, da wuya wani ya gane. Kuma gina nono ba ya dawo da sankara, ba ya hana likita gano ta in ta dawo.

Ana iya yin ginin a rana ɗaya da cirewar, ana iya jinkirta shi watanni ko shekaru, har sai an gama kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, da gashin na'ura, wato rediyoterafi. Gashin yana busar da fata ya taurara ta, yana kuma ɓata jakar silikon, shi ya sa likitoci kan ce a jira idan za a yi shi. A nan ne zuwa da wuri ke da riba biyu. Wadda ta zo da ƙullu kamar gyaɗa, sau da yawa ƙullun kaɗai za a cire a bar mata nononta. Wadda ta zo bayan ya fashe, fatar da za a yi ginin da ita ta riga ta lalace, naman da aka juyo daga baya rufe ramin ƙirji kawai zai yi. Mafi yawan matan da ke zuwa mana suna cikin rukuni na biyu ne, abin da ke ci mini rai ke nan.

Wasu kan tambaye ni ko wannan ba canza halittar Allah ba ne. Ni ba malama ba ce, amma malamai na kafa hujja da sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab. Ya yi hancin azurfa ya yi masa wari, sai Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya yi na zinariya. Daga nan suka bambanta mayar da abin da cuta ko rauni ya ɗauke da gyaran jiki don ƙawa kawai. Wadda zuciyarta ba ta kwanta ba ta tambayi malamin da ta yarda da shi, kawai kada tambayar ta cinye watanni.

Sai kuɗi, kuma nan ne gizo ke saƙar. A Amurka tun 1998 doka ta wajabta wa inshorar da ta biya kuɗin cire nono ta biya na sake gina shi. Mu a nan yawanci daga aljihu ne, bayan kemo ta riga ta cinye gona da awaki. Likitocin gyaran jiki kuma kaɗan ne, suna manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Duk da haka tambaya ba ta cin ko sisi. Kafin a sa ranar tiyata, ki ce wa likita, "Za a iya barin nonon? In ba za a iya ba, za a iya gina shi, kuma yaushe?" Amsar na iya canza yadda zai yi yankan tun farko. Maigida kuma ya zo ya zauna ya ji da kunnensa, domin kalma ɗaya daga bakinsa kan sa mace ta tsaya a yi mata aiki ko ta gudu.

Ita Hajiyar da ta riƙe mini hannu an cire mata nonon hagu, ta gama kemo, ta ce tiyata ɗaya ta ishe ta, ba ta son gini. Zaɓinta ne kuma daidai ne. Da ta zo ganin likita kwanakin baya ta ja ni gefe ta ɗaga mayafi ta nuna mini: telarta ta ɗinka mata aljihu a cikin rigar nono, ta sa nonon roba mai nauyi daidai da na dama, don kafaɗarta ta daina karkata kamar lokacin da take cusa tsumma. Ta ce in ba wa matar da ke gado na uku kwatancen shagon telar.