Kwali a hannu, aiki ya gagara: tambayoyi da amsoshi kan ƙwarewar aiki a manyan makarantu

Me ake nufi da ƙwarewar aiki? Ba ita ce ilimin da aka karanta a jami'a ba?

Da bambanci. Ilimin fanni shi ne abin da ke rubuce a kwalinka: akanta, injiniya, ilimin tattalin arziki. Ƙwarewar aiki kuwa ita ce abin da mai ɗaukar ma'aikaci yake gani a makon farko. Shin za ka iya rubuta rahoto shafi ɗaya wanda shugabanka zai fahimta ba sai ya kira ka ba? Za ka iya tsayawa gaban mutum goma ka yi bayani? Ka iya shigar da lissafi a Excel? In an ce ƙarfe takwas, takwas ɗin kake zuwa? In aka sa ku aiki ku biyar, za a gama lafiya? Ana samun mai digiri da daraja ta ɗaya wanda tura imel mai tsari yake ba shi wuya, kuma ba laifinsa ba ne shi kaɗai, don babu wanda ya taɓa sa shi yi.

Amma ai jami'a ba wurin koyon sana'a ba ce.

Gaskiya ne, kuma ba na goyon bayan a mayar da ita shagon koyo. Sai dai rubutu mai kyau, warware matsala da iya muhawara, ai su ne asalin abin da aka kafa jami'a don shi. Inda aka kauce hanya shi ne lokacin da karatu ya koma haddar handawut a zazzage a ranar jarrabawa. Ajin da ke da ɗalibi ɗaruruwa da malami ɗaya, ta ina kowa zai samu damar miƙewa ya yi magana, balle a duba rubutunsa a gyara masa?

Hukuma ba ta taɓa tunanin wannan ba ne?

Ta yi, tun da daɗewa ma. Asusun horar da ma'aikatan masana'antu, wato ITF mai hedikwata a Jos, shi ya ƙirƙiro SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu, a 1973, bayan masu masana'antu sun koka cewa waɗanda ke fitowa daga makarantu ba su san aikin hannu ba. Daga baya aka wajabta darasin koyon dogaro da kai da kasuwanci a jami'o'i. Hukumar bautar ƙasa ta shigo da nata shirin koyar da sana'a, SAED, a 2012. A ƙarshen 2022 kuma hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhaja mai suna CCMAS, inda ita take tsara kashi 70 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. A takarda dai ba mu rasa tsari ba.

To ina gizo yake saƙar?

A wurin aiwatarwa, kuma babu inda ya fi fitowa fili kamar lokacin fita koyon aiki, wanda ɗalibai ke kira IT. Ɗalibin jami'a a fannoni da dama yana samun kimanin wata shida a wajen makaranta. Na kwalejin kimiyya da fasaha kuma, ban da SIWES ɗinsa, ana son ya yi shekara guda yana aiki tsakanin ƙaramar difloma da babba. Wannan lokaci ne mai tsada ƙwarai, amma dubi yadda yake tafiya. Makaranta ta ba ɗalibi takarda ta ce ya je ya nemi wuri da kansa. A Arewa masana'antu sun yi ƙaranci. Masaƙun Kaduna sun daɗe da durƙushewa, kamfanoni da yawa a Sharaɗa da Bompai a Kano sun rufe. Sai yaro ya ƙare a wani ofis inda babu kujerar zama ma, yana ɗauko fayil yana kai fayil. Wani kuwa ya koma gida abinsa, sai ƙarshen wa'adi ya cike littafin rahoton a dare biyu, ya samu wanda zai buga masa hatimi. Malamin da ya kamata ya zo duba shi, in ya zo, sau ɗaya ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne raina ƙananan wurare. Ɗalibin injiniyan kanikanci zai gwammace ya zauna a ma'aikatar gwamnati ba aikin fari ba na baƙi, da ya je Panteka a Kaduna inda ake ƙera injin niƙa da hannu. Mai karanta akanta zai ga kamar faɗuwa ce ya riƙe littafin wani babban shago a Kantin Kwari, alhali kuɗin da ke juyawa a can a rana ɗaya ya ishe shi darasi. Haka darasin kasuwancin ma: sau da yawa a allo ake koyar da shi, a rubuta jarrabawa, a ci, ba a taɓa sayar da ko tsinke ba.

Wasu za su ce duk wannan ɓata baki ne, aiki sai mai uwa a gindin murhu.

Ba zan musa cewa ana yin haka ba, musamman a aikin gwamnati. Kuma ƙwarewa ba ta ƙirƙiro gurbin da babu shi. In tattalin arziki ya tsuke, gwani ma yana zaman jira. Amma ɗan kasuwar da ke biyan albashi daga aljihunsa ba ya riƙe wanda ba ya tsinana masa komai, ko ɗan wane ne. Banki, kamfanin sadarwa da ƙungiyoyin agaji kan sa mai nema jarrabawa da intabiyu, wani lokaci su ajiye shi gaban kwamfuta su ce bismillah.

Ɗalibin da ke aji biyu yanzu, me ya kamata ya yi?

Ya fara neman wurin IT tun shekara guda kafin lokacin, kuma ya zaɓi inda za a sa shi aiki ko da babu alawus. In an raba aikin rukuni, ya karɓi gabatarwa a gaban aji maimakon ya ɓuya a baya. Furojet ɗinsa na ƙarshe ya rubuta da hannunsa, kada ya saya, domin a nan ne kaɗai malami zai zauna da shi su bi rubutunsa layi-layi. In yajin aiki ya zo, irin na malaman jami'a na 2022 da ya ci wata takwas, ya nemi shago ko wurin gyara ya liƙe. Kuma duk inda ya yi aiki, kafin ya tafi ya roƙi maigidan wurin ya rubuta masa takardar shaida da ke faɗin ainihin abin da ya yi da tsawon lokacin da ya ɗauka.