Waiwaye: Yadda Alƙaluma Suka Shiga Aikin Gyaran Ma'aikatu

A 1924 ne Walter Shewhart, wani masani a kamfanin Western Electric na Amurka, ya fito da jadawalin da ke raba tangarɗar aiki gida biyu: ƙaramin bambancin da ba a rasawa kullum, da wanda ke nuna lallai wani abu ya lalace. Edwards Deming, wani masanin alƙaluma Ba'amurke, ya kai wannan ilimi Japan a 1950, masana'antun ƙasar suka riƙe shi hannu bibbiyu. A 1986 kamfanin Motorola ya zo da Six Sigma, tsarin rage kuskure a aiki mai burin kada kuskure ya wuce 3.4 cikin miliyan ɗaya.

Inda aiki ke maimaita kansa, dabarar ba ta da na biyu. Buhun siminti mai kilo 50 irin wanda ake cikawa a masana'antar siminti ta Kalambaina da ke Sakkwato, sikeli ne alƙalinsa. In nauyi ya fara zamewa, za a gani kafin dillali ya kawo ƙorafi, kuma inji za a duba maimakon a hau lebura da faɗa.

Aikin da ya shafi mutane kuwa ba haka yake ba, kuma mu a Sakkwato rigakafin shan inna ya nuna mana. Alƙaluma sun taimaka ƙwarai: alli a jikin bango, tawada a ɗan yatsan yaro, takardar ƙirga a hannun mai ɗiga magani, su suka riƙa nuna unguwar da aka tsallake. Amma da cika adadi ya zama abin da ake tuhumar ma'aikaci da shi, sai aka samu wuraren da ake shafa wa yaro tawada ba a ɗiga masa komai ba. Takarda ta cika, yaro bai tsira ba. Wannan yana ci mini rai, domin Deming da kansa ya gargaɗi shugabanni su daina ɗora wa ma'aikata adadin dole.

Kuma takarda ba ta faɗin dalilin da ya sa maigida ya rufe ƙofarsa. Wannan sai mai unguwa, sai hakimi. Shi ya sa aka haɗa da masu bin sawu daga waje, suna zaɓar gidaje suna duba yara da idonsu, sarakunan Arewa kuma suka shiga aikin a ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar. A watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.