Hali da Shugabanci a Fadar White House

Tasirin hali a kan shugabancin Amurka fanni ne na nazarin tarihi da siyasa. Yana duba yadda ɗabi'ar shugaban ƙasa, da tasowarsa, da irin yadda yake ɗaukar suka, ke shiga cikin hukuncin da yake yankewa. Akasari akan fara lissafin shugabannin zamani daga Franklin Roosevelt, wanda ya hau mulki a 1933, domin a lokacinsa ne gwamnatin tarayya ta faɗaɗa, ofishin shugaban ƙasa ya tara ma'aikata masu yawa. Daga 1945 kuma makamin nukiliya ya shiga ƙarƙashin umarnin mutum ɗaya. Sashe na biyu na kundin tsarin mulki, wanda ya kafa ofishin, gajere ne ƙwarai, bai fayyace yadda za a tafiyar da aikin yau da kullum ba. Saboda haka kowane shugaba kan cike giɓin da irin halinsa.

Rabe-raben Barber

A 1972 masanin siyasa James David Barber ya fitar da wani littafi da ya auna shugabanni da tambayoyi biyu: shin mutum mai ƙwazo ne a aikin ko mai ja da baya, kuma yana jin daɗin aikin ko kuwa ɗaukarsa yake a matsayin kaya? Daga nan ya fitar da rukuni huɗu. Wanda ya fi tsoro shi ne rukunin masu aiki ba dare ba rana amma cikin ƙunci da zargi, inda ya sa Woodrow Wilson da Herbert Hoover da Lyndon Johnson da Richard Nixon. A ganinsa irin waɗannan sukan kafe a kan hanyar da ta riga ta lalace, domin janyewa a wurinsu tamkar zubar da mutunci ne. Littafin ya yi suna ne saboda ya yi wannan gargaɗi a kan Nixon tun kafin asirin Watergate, badaƙalar da ta kai shi ga murabus, ya tonu.

Truman

Harry Truman bai yi digiri ba, kantin tufafin da ya buɗe a Kansas City ma ya karye a 1922. Kwana 82 kacal ya yi yana mataimakin shugaban ƙasa sai Roosevelt ya rasu ranar 12 ga Afrilu 1945. An san shi da yanke hukunci da wuri, in ya yanke kuma ba ya waiwaye. Haka ya amince da jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki cikin Agustan shekarar, haka ya ba da umarnin kawo ƙarshen wariyar launin fata a rundunar soja a 1948. A Afrilun 1951 ya sallami Janar Douglas MacArthur, gwarzon da jama'a ke so, saboda yana sukar manufar gwamnati a fili yana neman a kai yaƙin Koriya cikin ƙasar Sin. Farin jinin Truman ya faɗi har zuwa kashi 22 cikin ɗari a 1952, amma ya tabbatar da cewa soja a ƙarƙashin farar hula yake.

Johnson da Nixon

A kan waɗannan biyu ne magana ta fi yawa, domin a wurinsu aka fi ganin cewa halin da ya ɗaga mutum shi ne kan kayar da shi.

Johnson ɗan karkarar Texas ne. Yana saurayi ya koyar da 'ya'yan talakawa 'yan asalin Mekziko a garin Cotulla, kuma da kansa ya ambaci waɗannan yara a gaban majalisa a Maris 1965 lokacin da yake neman a ba baƙaƙen fata cikakken 'yancin zaɓe. Daga 1955 zuwa 1961 shi ne shugaban masu rinjaye a Majalisar Dattawa, inda ya san buƙatar kowane sanata da kuma abin da yake tsoro. Ƙato ne, yakan tsaya dab da mutum, ya dafa kafaɗarsa, ya yi lallashi, ya yi barazana, ya tuna masa alherin da ya taɓa yi masa, har sai ya sallama. Da wannan naci ya fitar da dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964, da dokar zaɓe ta 1965, da inshorar lafiyar tsofaffi.

A Biyetnam sai nacin ya zama masifa. Johnson ya ɗauka cewa shugabannin Hanoi, wato na Biyetnam ta Arewa da Amurka ke yaƙa, su ma za su tanƙwaru idan aka haɗa matsi da tayin alheri, kamar sanatoci. Ga shi kuma yana ƙyamar a ce shi ne shugaban da aka ci da yaƙi. George Ball na ma'aikatar harkokin waje ya gargaɗe shi, ya saurara, bai canza ba. Sojojin Amurka a can, waɗanda suke wajen 23,000 a ƙarshen 1964, sun haura 500,000 a 1968. Ranar 31 ga Maris 1968 mutumin da ya ci kashi 61 cikin ɗari na ƙuri'u shekara huɗu da suka wuce ya sanar cewa ba zai sake takara ba.

Nixon ya tashi cikin talauci a Kalifoniya, 'yan'uwansa maza biyu suka rasu da ƙuruciyarsu. Ya sha kaye da ƙyar a hannun John Kennedy a 1960, ya sake faɗuwa takarar gwamna a 1962, kuma ya riƙe a ransa cewa 'yan jarida da masu hannu da shuni na gabashin ƙasar sun raina shi. Mutum ne mai zurfin ciki da son aiki a ɓoye. Wannan ya yi masa rana a hulɗa da ƙasar Sin: mai ba shi shawara kan tsaro, Henry Kissinger, ya je Beijing a asirce a 1971, Nixon ya bi baya a Fabrairun 1972. Amma zurfin cikin nan ne ya haifar da jerin sunayen maƙiya, da ƙungiyar sirri ta masu farautar waɗanda ke fallasa bayanan gwamnati, da na'urar naɗar murya da ya sa aka dasa a ofishinsa a 1971. Ranar 17 ga Yuni 1972 aka kama mutum biyar masu alaƙa da kwamitin yaƙin neman zaɓensa sun kutsa ofishin jam'iyyar adawa ta Democrat da ke ginin Watergate. Abin mamaki, ba ya buƙatar komai daga can, domin a Nuwamba jihohi 49 cikin 50 ya ci. Kaset ɗin da na'urar ofishinsa ta naɗa ranar 23 ga Yuni ya nuna shi yana amincewa a yi amfani da hukumar CIA a daƙile binciken FBI. Kotun Ƙoli ta tilasta masa miƙa kaset ɗin a Yulin 1974, ya yi murabus ranar 9 ga Agusta.

Carter da Reagan

Jimmy Carter, manomin gyaɗa daga Plains a jihar Jojiya kuma mai riƙo da addini, ya ci zaɓen 1976 da alkawarin ba zai yi wa jama'a ƙarya ba. Haƙurinsa da bin diddigi su suka riƙe Anwar Sadat na Masar da Menachem Begin na Isra'ila kwana 13 a Camp David, wurin hutun shugaban Amurka, a 1978 har aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu. Sai dai yana ƙyamar cinikin siyasa, shi ya sa ya ɓata da 'yan majalisar jam'iyyarsa tun 1977 kan soke wasu ayyukan madatsun ruwa a mazaɓunsu. Ronald Reagan kishiyarsa ne: fara'a, iya magana, da barin ƙananan bayanai ga mataimaka. Sakin nan ne kwamitin bincike na Tower ya zarga a 1987 kan badaƙalar sayar wa Iran makamai a ɓoye da karkatar da kuɗin ga 'yan tawayen Nikaragwa.

Sukar da ake yi wa fannin

Masana da yawa suna ganin ana zuzuta hali fiye da kima, alhali rinjaye a majalisa da yanayin tattalin arziki da yaƙi su ke buɗe wa shugaba ƙofa ko su rufe. Ba don gagarumin rinjayen jam'iyyarsa bayan zaɓen 1964 ba, lallashin Johnson kaɗai ba zai isa ba. Akwai kuma matsalar auna hali daga nesa. Barber ya sa Dwight Eisenhower cikin masu ja da baya, mutumin da ake wa kallon ya fi son wasan golf a kan mulki. Da aka buɗe takardun gwamnatinsa, Fred Greenstein na jami'ar Princeton ya nuna a 1982 cewa shi ke jan ragamar tarukan tsaro da kansa, kuma da gangan yake barin mataimaka a gaba, kamar yadda ya yi aiki ta bayan fage wajen karya lagon Sanata Joseph McCarthy, mai zargin jami'an gwamnati da kwaminisanci, ba tare da ya fito ya yi cacar baki da shi ba.